Sarkin da Ya Riga Ya Tashi

Mai shagon fenti ne ya fara ganinsa. Ya fito ta baya zai zubar da ruwan wankin buroshi, sai ga Alƙalin Wasa yashe a gindin matakala, kai a fashe, ƙafa ɗaya a lanƙwashe ƙarƙashinsa, tabaransa can gefe. Yana numfashi, amma ko an kira shi ba ya amsawa. Kafin a samo motar asibiti, duk mai ƙafa a layin ya hau matakalar nan ya sauka, wasu don taimako, mafi yawa don kallo.

A saman shagon akwai ɗaki inda 'yan wasan ces, wato darar Turawa, suke haɗuwa duk Asabar. Ba ƙwararru ba ne. Malamar makaranta ce, da kafinta, da likitan haƙori, da irinsu, mutanen da ke da aikin yi amma suka ɗora wa kansu wannan lalura. Kowannensu yana da maki a ƙungiya, in ka ci ya hau, in an cinye ka ya sauka, har akwai wanda ya fi sanin makinsa a kan shekarun 'ya'yansa. Alƙalin Wasa tsoho ne mai tsantseni. Shi ke haɗa abokan karawa, shi ke kula da doka.

Ba a sha wuyar neman wanda za a zarga ba. Da safiyar ranar, wayar Kafinta ta yi ƙara a aljihunsa ana tsakiyar wasa. Likita ya ɗaga hannu daga wani tebur ya kai ƙara, Alƙali ya ce doka ce, an ba abokin karawarsa wasan. Kafinta ya daki tebur har 'ya'yan wasa suka watse, ya ce a gaban kowa, "Wallahi tsohon nan sai ka gane kurenka." Kafin rana ta faɗi 'yan sanda sun ɗauke shi daga shagonsa, da garin katako a gashin kansa.

Kafintan nan surukin Mai Sawu ne.

*

Mai Sawu ya yi zamaninsa. A da, in aka kore wa mutum dabbobi ko aka fasa masa rumbu, shi ake aika wa. Ya durƙusa ya dubi ƙasa, ya gaya maka ɓarayin nawa ne, wane ne mai kaya a kai, wane ne ya tsaya yin fitsari. Sai gari ya girma, aka malale ko'ina da kwalta da siminti, ƙasa ta daina magana. Surukinsa ne ya ja shi ɗakin ces don kada zaman gida ya kashe shi. Makinsa shi ne na ƙarshe a ƙungiya, bai kuma damu ba.

'Yarsa ta zo masa da sassafe, goyo a baya, babban riƙe da zaninta.

"Baba, ka san halinsa. Baki ne kawai. Ko kaza ni nake riƙe masa in zai yanka."

"Na sani."

"To ka yi wani abu mana. Sun ce in tsohon ya mutu, shi ke nan, kisa ne."

Ya dubi hannayensa. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

A gindin matakalar ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Matakalar siminti ce, ƙura kaɗan a gefe. Takalmi kan takalmi, silifa kan silifa, har da na yara. An watsa ruwa an wanke jinin. Ya daɗe yana dubawa, ba don yana ganin komai ba, sai don kunyar miƙewa hannu rabbana.

Mai fenti ya tsaya a kansa yana goge hannu da tsumma.

"Baba, wahala kake ba kanka. Ni da idona na ga surukinka ya dawo da rana, ya tsaya a bakin ƙofa yana hura hanci."

"Ya hau?"

"Ina da masu saye a gabana, zan bi shi ne?"

"Na ji an ce kai ma ka daɗe kana so su tashi daga saman nan ka zuba kaya."

"Ina so mana! Kullum jan kujera a kaina. Amma in zan ture wani, ai da mai gidan zan fara." Ya nuna cikin shagon. "Tambayi matar da na haɗa wa shuɗi. Ta hana ni motsi tun azahar, wai bai yi kama da labulenta ba."

Mai Sawu ya nemo matar. Ta tabbatar, har ta ƙara masa da ƙorafin shuɗin.

*

A ofishin 'yan sanda aka fito masa da Kafinta, ido ya faɗa, ba takalmi.

"Me ya mayar da kai?" in ji tsohon.

"Haƙuri na je ba Alƙali, Baba. Da na isa ƙofa sai zuciya ta ce, kai, a gaban Likita za ka sunkuya? Sai na juya."

"Ka ga inda zuciya ta ajiye ka. Mutum da 'ya'ya biyu, kana rantsuwa a kan 'yan gumakan katako."

Kafinta ya sunkuyar da kai. "Yaya suke?"

Tsohon ya juya ya nufi wurin Sufeto.

Sufeto mutum ne mai ladabi, ya ba shi kujera. "Baba, ba ƙin ka nake ba. Lokacin da abin ya faru kowa ya watse, saura mutum biyu a ɗakin, Likita da yayansa Direba, suna buga wasansu. Duka biyun sun ce ba wanda ya ɗaga daga kujera har aka yi ihu. Sun ce Alƙali ya fita ta baya shan iska, sun ji kamar ana cacar baki, ba su kula ba. Ga wanda ya yi barazana, ga wanda ya gan shi ya dawo. Kai da kanka, wa za ka kama?"

Mai Sawu ya miƙe ya nufi wurin Likita.

*

Asibitin Likita yana warin magani. Sai da ya gama da wani mai kumburarren kunci sannan ya fito yana cire safar hannu.

"Baba Mai Sawu, sannu da ƙoƙari. Abin ya dame ni ƙwarai."

"Wa ya ci wasan?"

Likita ya ɗan yi murmushi. "Ni. Karon farko da na ci Yaya a wasan maki. Yanzu makina ya isa shiga babbar gasa. Amma wa ke ta wannan, ga tsoho a kwance?"

"Ba ka fita ko sau ɗaya ba?"

"Da farko na ɗan zaga bayi, kamar kowa. Daga baya kuwa wasa ya yi tsawo, agogo ya matse mu, ko tari ba mai iya yi. Takardunmu suna nan, kowa da hannunsa, kowa ya sa hannu."

Direba kuwa a tasha Mai Sawu ya same shi, zaune a cikin babbar motarsa, ƙofa a buɗe. Kowa ya san labarinsa da Likita. Uba ya mutu suna ƙanana, Direba ya bar makaranta ya kama sitiyari har ƙanensa ya zama likita. Shi ya koya masa ces a kan kwali da marafan kwalba, kuma bai taɓa sakar masa wasa ba, ko don lallashi.

"An ce ya ci ka."

"Ya ci ni."

"Ta yaya?"

Direba ya dubi gilashin gaba. "Yana cikin takarda, Baba."

Wannan amsar ta tsaya wa tsohon a rai. Ɗan ces da aka cinye ba ya cewa yana cikin takarda. Sai ya tsare ka a rana ya ba ka labarin takun da ya kuskure, har ka roƙe shi ya bar ka.

*

Al'adar ɗakin ce, duk wasan maki sai an yi bitarsa. Kowane ɗan wasa yana rubuta takunsa da na abokinsa a takardarsa yayin da ake bugawa, in an tashi su sa hannu su jefa a akwati. Daga baya a jera allo a sake taka wasan tun daga farko, ana gardama. Malama ce mai mabuɗin akwatin, ita ce kuma ta fi kowa maki.

"Baba, yanzu ana cikin wannan za mu yi bita?"

"'Yar nan, ƙasa sun tattake mini. Wannan kaɗai ya rage da ba a taka ba. Ke karanta, ni in tura. Idona ba ya ganin rubutun likitoci."

Likita ne da fararen 'ya'yan wasa, Direba da baƙaƙe. Ta karanta, ya tura. Tun da wuri giwar Likita ta kai wa sarkin Direba hari, dole sarkin ya gusa gida ɗaya. Da hari ya wuce ya koma mazauninsa. Ban da wannan, Direba ne ke jan ragamar wasan, yana matse ƙanensa sannu a hankali kamar mai ɗaure kaya.

Sai Malama ta tsaya. "Ikon Allah. Dubi wannan dokin da Likita ya bayar."

"Kuskure ne?"

"Ina fa kuskure. Ni kaina sai na yini ban gano shi ba. Ga wani kuma. Ga na uku." Ta cire tabarau. "Baba, na buga da Likita ya fi a ƙirga. In aka matse shi ja da baya yake. Waɗannan ba takunsa ba ne, na na'ura ne. Irin wanda waya ke ba mutum."

"Ya ce ya ɗan zaga bayi da farko."

"Bayi kuwa yana kan matakalar baya."

Ya ce ta ci gaba.

Daga nan wasan ya sake kama. Mai Sawu bai iya ces sosai ba, amma ya san tafiyar mutum biyu da ke kokawa, ya san ta mutum ɗaya da ke zagaya fili don a ce taro ne. Duk inda farare suke son wuri, baƙaƙe sun matsa musu. Ba tarko, ba gardama, ba ramuwa. Taku ne kawai ake tarawa don takarda ta cika.

"Sifiri biyu," in ji Malama. Haka ake rubuta ɓoye sarki, wato sarki ya tsallaka lungu, hasumiya ta tsaya masa a ƙofa.

Tsohon ya ɗauki baƙin sarkin, sai hannunsa ya tsaya a sama.

"Ba wannan ne ya tashi ɗazu ba?"

Ta bi takardar da yatsa zuwa sama. Ta ɗauko ɗaya takardar ta duba. Duka biyun haka suka rubuta. Dokar kuwa ko sabon shiga ya san ta: sarkin da ya taɓa gusawa, ko ya koma gidansa, ba a ɓoye shi.

Malama ta dafe baki. Mai Sawu ya ajiye sarkin a hankali. Ya sami sawu, amma bai ji daɗin da yake ji a da ba.

*

Sai da Mai Sawu ya yi wa Sufeto sintiri kafin ya yarda ya zo. Aka taru a ɗakin da hantsi: Sufeto, Malama, mai fenti da tsummansa, Likita cikin farar riga, Direba a kujerar kusa da taga. Labarin asibiti bai sauya ba. Alƙali bai farka ba, likitoci kuma sun ce ko ya farka ba lalle ya yi magana ba.

Malama ta karanta, Mai Sawu ya tura, har suka iso sifiri biyu. Ta yi wa Sufeto bayanin dokar sau biyu.

"To sai me?" in ji Likita. "An yi kuskure a wasa. A soke shi, na yafe makin."

"Kai ne za a yi wa wannan a gabanka ka yi shiru?" Mai Sawu ya dube shi. "Kai da ka ji ƙarar waya daga wani tebur ka ɗaga hannu? Kai da ka taɓa tsayar da wasa don na gyara zaman soja ban yi magana ba?"

Mai fenti ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

"Ba a buga wannan a kan allo ba," in ji tsohon. "Wasa ya tsaya a tsakiya. Saura mutum ɗaya ya zauna ya ƙirƙira, yana yi wa farare yana yi wa baƙaƙe, ɗayan yana kwafa. Mai baƙaƙe ba zai manta an tayar masa da sarki ba, abin yana ci masa rai har ƙarshen wasa. Wanda ya manta shi ne wanda sarkin ba nasa ba. Ya dubi allo ya gan shi a gidansa, ya ɗauka bai taɓa fita ba." Ya numfasa. "Kuma duk tsawon rubutun nan, tsoho yana kwance a ƙasa jini yana zuba. Ba wanda ya leƙa ya kira mota."

Likita ya juya ga Sufeto. Muryarsa ba ta rawa. "Yallaɓai, wannan ce shaidar? Sarkin katako ya gusa? Ka kai wannan kotu ka gani."

Sufeto ya sosa ƙeya. "Gaskiya, Baba, na gane kana nufin sun yi ƙarya a takarda. Amma takarda ba ta ture kowa ba. Wayar ma in akwai, yanzu an share. In ba wanda ya buɗe baki, ba ni da hujjar sakin surukinka."

Mai Sawu ya dubi allon. Iyakar abin da yake da shi ke nan, ya zube shi duka, bai kuwa ɗaga komai ba. Ya dubi Direba, ba da tuhuma ba, kallon mai roƙo.

"Ɗana, jikokina biyu tun Asabar suke tambayar ubansu."

Direba ya kalli allon. Sannan ya dubi ƙanensa, irin kallon da ake yi wa yaron da ya fasa tulu.

"Ni ne," ya ce.

"Yaya!"

"Rufe mini baki." Ya juya ga Sufeto. "Alƙali ya kama shi da waya a matakala. Na ji hayaniya na fita, na tarar ya riƙe masa riga yana cewa sai ya kore shi daga ƙungiya. Na fizge shi, ya tafi da baya. Ni na ce a cika takarda. Kafinta bai hau ba."

Likita ya buɗe baki. Kowa ya jira. Ya mayar ya rufe, ya zauna, yana kallon farcensa.

Sufeto ya miƙe. Direba ma ya dafa taga ya miƙe, sai a lokacin Mai Sawu ya dubi ƙafarsa da idon aiki. Ƙafar dama ce, wadda mota ta taɓa dannewa, ba ta lanƙwasuwa. Ya bi su zuwa matakalar gaba, mai faɗi, mai ƙarfen dafawa, ya tsaya yana kallo. Direba yana sauke ta hagu, ya jawo ta dama, ya huta, hannu biyu a kan ƙarfe. Matakalar baya kuwa a tsaye take kamar tsani, ba abin kamawa. Mai wannan ƙafar bai fita can da gudu ya fizge kowa ba. Bai taɓa bin ta ba ma. Laifin ƙanensa ne ya ɗauka.

"Sufeto," in ji shi.

Sufeto ya waiwayo daga tsakiyar matakala. "Na'am, Baba? Ka je ka gaya wa 'yarka ta shirya, yau mijinta zai kwana a gida. Ko akwai saura? In kana da shakka ka faɗa yanzu, sai in riƙe shi da surukinka duka biyun har a gama bincike. Ka dai san yadda bincike yake daɗewa."

Direba ma ya ɗago ya dube shi. Ya ɗan girgiza masa kai kawai.

Mai Sawu ya tsaya riƙe da sanda. Tun yana saurayi bai taɓa nuna sawun wani ya ce na wani ne ba. An ba shi toshiya ya ƙi, an yi masa barazana ya ƙi. Ya tuna surukinsa ba takalmi. A bayansa, cikin ɗaki, yana jin Likita yana tambayar Malama a hankali ko za a soke makin ne gaba ɗaya.

"Ku sauka a hankali," ya ce. "Ƙafarsa ba ta da lafiya."

*

Da yamma Kafinta ya dawo. Gidan ya cika da maƙwabta, yaran suna hawa wuyansa, 'yar tana kuka tana dariya. Ta zo ta durƙusa gaban ubanta.

"Na gaya musu. Na ce in dai Baba ya fita, sai ya kamo mai laifi."

Ya ɗora hannu a kanta, ya bar shi a nan. Wani maƙwabci ya matso yana cewa a ba su labari, yaya aka yi ya gane. Mai Sawu ya ce ya gaji. Ya jawo sandarsa ya shiga ɗaki, ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba.